Me za mu kira ostiyoforosis da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Jiya na raka Gwaggo wajen likitan haƙori a nan Katsina, turminta na ƙasa yana girgiɗi, tana so a cire. Da ya duba katinta sai ya ce, "Hajiya, har yanzu kina shan maganin ƙashin nan na sati-sati?" Ta ce shekara uku ke nan. Ya ajiye kayan aiki, ya ce sai ya tuntuɓi likitan da ya rubuta mata. Ta juyo gare ni: "Ɗan nan, me ya haɗa ƙugu da haƙori?" Na buɗe baki, sunan cutar ma da Hausa ya gagare ni, wato ostiyoforosis, mai sa ƙashi saurin karyewa.

Wani ya ce sanyin ƙashi. A'a, wannan ya riga ya yi gida, kowa ya ji shi ciwon gaɓɓai zai kawo, alhali ita wannan shiru take yi sai ran da aka karye. Raunin ƙashi kuwa ya yi faɗi, har yaro mai gwame sai ya shiga.

Kalmar ostiyoforosis asalinta Girkanci ce, ma'anarta ƙashi mai ƙofofi. Kun san yadda gara ke cin ƙyaure: fenti na nan, ka danna yatsa ya burma. Shi ya sa na tsaya kan rarakewar ƙashi. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma muƙamuƙi ma ƙashi ne, in ya rarake haƙora sun rasa madafa.

Abin da ya sa likitan ya dakata: alendironet, irin maganin sati-satin nan, da allurar denosumab ta wata shida-shida suna rage aikin ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi. Suna hana karaya, amma jefi-jefi bayan cire haƙori sai gurbin ya ƙi warkewa, ƙashi ya fito fili ya mutu. A 2003 aka fara ba da rahoton haka, kuma an fi gani ga masu ciwon daji da ake ba magani mai yawa. Wannan kam sunansa a baki yake, mutuwar ƙashin muƙamuƙi. Don haka ake so a gyara haƙora kafin a fara magani, kuma kada mutum ya daina da ka, musamman allurar.

Wata malamar jinya ta ce ita zaizayar ƙashi take cewa. Ba laifi, sai dai zaizaya daga waje take ci, kamar bakin kwalbati da damina.

Da daddare na gwada rarakewa a kan Gwaggo. Ta ce, "Au, kamar wake in ƙwaro ya shige shi?"