Faifan yaran Rafindadi: wai su ne magadan Shata?

Ɗan Rafindadi: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaran unguwarmu huɗu sun fitar da faifansu na farko. Sun haɗa kalangu da jita da sautin kwamfuta, har ƙarar injin markaɗe suka naɗa suka mayar da ita kiɗa. Wata waƙar babu amshi sam, murya ce kawai take hawa tana sauka. Masu sa kiɗan biki sun ce ba ya rawuwa, masu tura waƙa a waya sun ƙi karɓa. Wallahi waɗannan su ne magadan Shata, da 'yan Kano ne da tuni an ɗaga su.

Hajiya 'Yar Daura: Magada? Yaro, ka iya bakinka. Shata a fili yake tsayawa, makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayansa, ya ƙagi waƙa nan take. Kai da bakinka ka ce babu amshi, to me suka gada?

Na Ƙofar Ƙaura: Hajiya, a yi haƙuri, gado ba kwaikwayo ba ne. Ƙarfin halin yin abin da ba a saba ji ba, shi suka ɗauko.

Ɗan Musawa: In maganar gado ake, a zo Musawa. Nan aka haife shi.

Bafuntuwe: Haihuwa kawai? A Funtuwa ya kafa gida ya yi zamansa.

Hajiya 'Yar Daura: Ku yi ta ja. Tun 1999 kabarinsa yana Daura.

Bakano a Katsina: Ni dai me Kano ta yi muku? Ku naku situdiyo nawa ne?

Ɗan Rafindadi: Malam, ba da kai ake ba. Ina tambaya, cikinku wa ya saurari faifan?

Ɗan Musawa: Na ji rabin ta farko na kashe. Kuma ka faɗa wa mutane mai jitar ƙanenka ne.

Ɗan Rafindadi: Ɗan yayata ne, kuma sai me? Kunnena ne ya ji, ba zumunci ba!

Na Ƙofar Ƙaura: Ta uku ku nema, inda kalangu ke amsa wa injin. Tsigar jikina ta tashi.

Bafuntuwe: Har yanzu ba a ba ni amsar Funtuwa ba.

Mai kula da zaure, daga Daura: To, a tsaya haka, an kira Magariba. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Hajiya ce da gaskiya: babu amshi, babu gado, kuma Shata yana wajenmu. Batun injin markaɗe, yaran su kai wa masu niƙa su ji.