Ta ina zan fara koyon gina manhajar bajet da hasashe?

Mai_Lissafi:
Salam ƴan uwa. Shekara 3 ina haɗa bajet ɗin ofis a Excel, kowane sashe ya turo fayil ɗinsa ni in zauna in haɗe, rannan fomula ɗaya ta karye jimilla ta rikice ban ankara ba sai a gaban oga, wallahi na ji kunya. Yanzu ina son koyon TM1, manhajar bajet da hasashe ta kamfanin IBM, don Allah ta ina zan fara?

Ɗan_Akanta:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa kwamfuta ɗauko takarda malam, rubuta asusu, watanni, sassa, sai kuma siga, wato bajet daban, hasashe daban, ainihin abin da aka kashe daban. A kansu kiyub ɗinka, wato ma'ajiyar alƙalumanka a TM1, zai zauna, in ka kuskure nan gyara daga baya sai ka gwammace sake sabo.

Hajiya_Data:
Haka ne. Kuma fara da albashi kawai, yawan ma'aikata sau albashinsu, ka ga yana tafiya tukuna. Daga nan ka koyi TurboIntegrator da ke cikin TM1, shi ke jawo maka data duk ƙarshen wata ba sai ka kwafa da hannu ba.

Mai_Lissafi:
Na gode ƙwarai, yau da dare zan zana sassan.