Karma da Hausa: alhaki ne ko girbin aiki?

Jama'a, ina neman taimako a kan kalma ɗaya: karma. Aikin fassara ne ya haɗa ni da ita. An ba ni wani rubutu a kan taron Kumbh Mela da mabiya addinin Hindu suka yi a garin Prayagraj daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025, inda jama'a ke tururuwa su yi wanka a mahaɗar kogin Ganga da na Yamuna. Kalmar ta yi ta fitowa, kuma duk Hausar da na saka mata sai in ga jimlar ta karkace.

Abin dariya, ashe ta riga ni shiga gidanmu. Makon jiya ƙanwata tana ba da labarin wata uwar adashi da ta cinye zubin mutane, ba a rufa wata ba aka zare mata waya a kasuwa. Ta rufe da cewa, "Ai karma ce ta kama ta." Kakarmu Hajiya na gefe tana tsintar shinkafa a faifai, ta ɗago ta ce, "Wace ce kuma Karma? 'Yar gidan wa?" Da aka yi mata bayani sai ta ce, "Au, alhaki kuke nufi. Ai alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi." Ta koma kan faifanta.

In dai karmar da yaranmu ke rubutawa a WhatsApp ce, Hajiya ta gama magana. Ka zalunci wani, abin ya juyo kanka tun a nan duniya: alhaki ke nan, ba mu da buƙatar aro. Matsalar ita ce ba wannan karmar ce a rubutun da ke gabana ba.

Kalmar ta Sanskrit ce, tsohon harshen littattafan Hindu, kuma asalin ma'anarta aiki. Daga gare ta ne Hindi ya samu "kaam", wadda masu kallon finafinan Indiya suka saba ji. Littafin Brihadaranyaka Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan addininsu, ya ce da aikin kirki mutum ke zama na kirki, da mugun aiki yake zama mugu. To ka ga alhaki ya ɗauki rabi ya bar rabi. Ba wanda zai ce alhakin ciyar da maraya ya kama shi, amma a wurinsu wannan ma karma ce, mai kyau.

Sai babban abin da ya raba mu. A aƙidarsu rai ba sau ɗaya yake zuwa duniya ba. Ya mutu, a sake haifarsa a wani jiki, ya sake mutuwa, haka dai. Wannan zagayen suke kira samsara, kuma karma ce ke tuƙa shi: abin da ka aikata a zuwan baya shi ke yanke inda za ka faɗo a wannan. Burin ƙarshe shi ne moksha, wato kuɓuta daga zagayen baki ɗaya. Shi ya sa tsofaffi ke tafiya birnin Varanasi su jira ajalinsu a bakin Ganga, don sun yi imani wanda ya mutu a can ba zai sake dawowa ba. Bayani nake yi, ba wa'azi ba, kada a zo min da fatawa a ƙasa.

Na riga na tambayi wasu, to ga shawarwarin da suka shigo.

Wani ɗan'uwa ya ce "sakayya". Malam, na gode, kuma ta fi alhaki kusa tunda tana ɗaukar alheri da sharri. Amma kunnen Bahaushe in ya ji sakayya, Mai sakawa yake ji tare da ita. Su kuwa a nan suka rabu. Malaman mazhabar Vedanta ta Hindu da dama sun ce Ubangiji, wanda suke kira Ishvara, shi ke raba wa kowa sakamakon aikinsa. Tsohuwar mazhabar Mimamsa ta ce aikin da kansa yake haifar da sakamako, ba sai da alƙali ba. Mabiya Buddha da na addinin Jain ma suna da karma, alhali ba su yarda da mahaliccin da ke hisabi ba. In na rubuta sakayya, na shiga gardamarsu na zaɓi ɓangare ba tare da an aike ni ba.

Wata Yaya ta ce "ƙaddara". Wannan kam ban karɓa ba, Yaya, ki yi haƙuri. Ƙaddara an rubuta maka ita ne, karma kai ka rubuta wa kanka. Su kansu Indiyawa suna da kalma daban ta wannan, kismat, wadda asalinta Larabci ne.

Wani kuma ya ce a bar dogon Turanci, a ce "abin da ka shuka shi za ka girba". Karin magana ce, ba za ta shiga tsakiyar jimla sau goma a shafi ɗaya ba. Amma shi ne ya buɗe min ido, domin su ma da harshen gona suke maganar. Suna cewa karmaphala, phala kuwa 'ya'yan itace ne, wato abin da aiki ya haifa. Malamansu sun kasa karma gida uku, kuma da na karanta sai na ga rumbu a gabana. Sanchita ita ce duk hatsin da ke jibge a rumbu tun daga rayuwar da ta gabata. Prarabdha ita ce damin da aka riga aka ciro aka sussuka, tuwonsa kake ci a wannan rayuwar, ba ya komawa. Kriyamana ita ce shukar da kake yi yau. Su da kwari da baka suka fi misalta shi: kibiyar da ke cikin kwari, wadda ta riga ta bar baka, da wadda aka ɗana. Misalin rumbun ni na kawo shi.

Saboda haka abin da nake ba da shawara shi ne "girbin aiki". Yana ɗaukar mai kyau da maras kyau, bai ce wane ne ya ba ka ba, kuma girbi yana yarda da jinkiri, abin da aka shuka bara ana cinsa bana. Na so in ce "gadon aiki", don mutum kansa yake gada, sai na tuna za a ɗauka ɗan maƙeri ne ya gaji ƙira.

Wani ya tambaya ko ba ɓata lokaci muke ba, tunda su ma 'yan Indiyan yanzu sun sassauta kalmar. Da gaskiyarka, ɗan'uwa. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2021 bayan ta tambayi kusan mutum 30,000 a Indiya. Kashi 77 cikin 100 na Hindu sun ce sun yarda da karma, amma kashi 40 kacal suka ce sun yarda da sake haihuwa. Musulmin Indiya ma kashi 77 suka ce sun yarda da karma. Ina kyautata zaton da yawansu alhakin Hajiya suke nufi. Amma tsohuwar ma'anar tana da nauyin da ba a wasa da shi. Wani tsohon littafinsu, Chandogya Upanishad, ya ce mai halin kirki za a sake haifarsa a gidan daraja, mai mugun hali kuwa ya dawo kare ko alade ko a cikin waɗanda aka ware. Da irin wannan aka daɗe ana kare tsarin ajin haihuwa, ana ce wa na ƙasa abin da ya shuka ne. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar waɗanda ake cewa ba a taɓa su, kuma B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta shi, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagpur a 1956. In mai fassara ya rubuta alhaki a irin wannan wuri, ya sa Bahaushe ya ɗauka cewa talakan ya zalunci wani ne jiya.

Akwai inda girbin aikin ma bai kai ba, in faɗi gaskiya. A littafinsu Bhagavad Gita, babi na 2 baiti na 47, an ce wa jarumi Arjuna haƙƙinsa a kan aikin yake, ba a kan abin da aikin zai haifa ba. A nan karma aiki ce tsurarta, in ka ƙara girbi ka juya maganar. Sai a rubuta aiki kawai.

Ga inda na tsaya. A hirar yau da kullum, alhaki. A maganar aƙidar Hindu, a bar karma yadda take, kamar yadda muka bar yoga, a farkon ambato a ce "karma, wato girbin aiki", daga nan a yi ta musanya su. Jimlar da ta hana ni barci yanzu ta zama: "Sun yi imani wankan yana wanke musu mugun girbin aikin da suka taho da shi daga rayuwar baya." Na karanta wa Hajiya, ta ce ta gane, sai dai ta tambaya ko ruwan ba sanyi a watan Janairu. Akwai sanyi ƙwarai.

Saura kalmar dharma, tana jirana a shafi na uku. Wanda ya ce "addini" ya zo da hujja.