Nina Simone mawaƙiya ce, ko neman abinci ne ya sa ta buɗe baki? Muhawara a guruf ɗin makaɗan Jos

Danjuma Kibod: Jama'a ina kwananmu, ya sanyi. Zan faɗi wata magana ko da admin zai cire ni. Nina Simone fa ba mawaƙiya ba ce, makaɗiyar fiyano ce da neman abinci ya tilasta wa buɗe baki. Muryar nan da kuke ta kurantawa da a kwayar cocinmu ta zo da ita wallahi layin baya za a ajiye ta tare da maza

Hauwa'u Rayfield: Innalillahi, Danjuma da sassafe? ko shayin ne bai kai ba yau

Danjuma Kibod: Anti ki bar zancen shayi ki duba tarihi. An haife ta 1933 a Tryon, wani ɗan ƙaramin gari a jihar North Carolina ta Amurka, sunanta na yanka Eunice Waymon, uwarta mai wa'azi ce a cocin Metodis, tun tana 'yar mitsitsiya ita ke yi musu kiɗa a coci, sai wata Baturiyar Ingila Muriel Mazzanovich ta ɗauke ta ta ɗora ta a kan kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗan kilasik na Jamus, mutanen gari har asusu suka buɗe suna tara mata kuɗin karatu, duk don fiyano fa, ba wanda ya ba da sisi don murya. A 1954 ta samu aiki a wata mashaya a Atlantic City, dala 90 a mako, mai wurin ya ce mata in ba za ta haɗa da waƙa ba ta nemi wani aikin. To daga nan waƙa ta faro. Ta ma canja suna ne don kada uwarta ta ji labarin tana kiɗa a gidan giya. Yanzu ki gaya min ina baiwar waƙa a nan

Baba Bulus: Danjuma ɗana, duk abin da ka lissafo gaskiya ne, amma ka kai kayan kasuwar da ba tasu ba. Yadda mutum ya shigo sana'a daban, abin da ya yi da ita daban. Shekaru na yi ina koyar da kwaya, mace mai murya ta ƙasa irin tata nemanta muke yi ido rufe, ba layin baya muke kai ta ba.

Sadiq Situdiyo: Oga Danjuma ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Ka saka faifanta na farko, Little Girl Blue, wanda ya fito 1959, ka sa abin kunne ka saurara da kyau. A waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, hannunta na kaɗa wata tsohuwar waƙar Kirsimeti, bakinta kuma na rera wata waƙa daban a kai, kuma ba sa karo ko kaɗan. Yaran da ke zuwa wurina a Bauchi Road sai na ɗora kiɗa tukuna, a ɗauki murya daban, a yi ta yanka ana liƙawa har dare. Ita a zaune ɗaya take yin duka biyun

Danjuma Kibod: Ai ka taya ni yaƙi ne Sadiq, hannun ka yaba

Sadiq Situdiyo: A'a fa. Cewa na yi ba sa rabuwa. Marigayi Ɗan Maraya Jos za ka ce makaɗin kuntigi ne kawai ba mawaƙi ba? cire kuntigin ka ji, ko ka cire muryar ka bar kuntigin, ka ga ko akwai wanda zai tsaya

Rifkatu: Ni abin da ke min ciwo shi ne yadda Yaya Danjuma ya tsallake dalilin da ya kai ta mashayar tun farko kamar ba komai ba. Ta yi ɗan karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard a New York a 1950, ta nemi shiga makarantar kiɗa ta Curtis a Philadelphia inda karatu kyauta ne, iyayenta har sun tattara sun koma can saboda ita, aka ƙi ɗaukarta. Har ta mutu tana cewa saboda baƙar fatarta ne. Yarinyar da tun tana ƙarama a wasanta na farko a bainar jama'a aka tashi iyayenta daga kujerun gaba don Turawa su zauna, ta ce ba za ta taɓa fiyano ba sai an mayar da su, kuma sai da aka mayar. Ba yunwa kawai ba ce, ƙofa aka rufe mata

Malam Sabo: Rifkatu a yi hattara a nan. Zancen kujeru haka aka yi. Amma na Curtis akwai ja a ciki. Wani baƙar fata makaɗin fiyano, George Walker, ya gama wannan makarantar tun 1945. Kuma malamin Curtis ɗin da ya ci gaba da koya mata a keɓe bayan an ƙi ta, Vladimir Sokoloff, ya musanta cewa launi ne. Makaranta ce mai ɗaukan mutane ƙalilan. Ban ce ba wariya a Amurka ta lokacin ba, akwai ta har ta yi yawa, amma ba kowane faɗuwar jarrabawa ba ne wariya.

Rifkatu: Malam da girmanka, to me kake so malamin makarantar ya ce, e mun yi? kuma in ba su da abin da ke cizonsu me ya sa a 2003 suka ba ta digirin girmamawa saura kwana biyu ta rasu

Malam Sabo: Saboda a lokacin ta riga ta zama Nina Simone. Makarantu na son raɓar mai suna, ko a nan gida muna gani.

Hauwa'u Rayfield: Kun kauce daga layi. Danjuma ya ce ba mawaƙiya ba ce, to ni tambayata wa ya rubuta waƙar Mississippi Goddam? A watan Yuni 1963 aka harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙe, a ƙofar gidansa, a Satumba aka tayar da bam a cocin baƙaƙe a Birmingham yara mata 4 suka mutu, matar nan ta zauna ta rubuta waƙa da kanta, ta rera ta a babban ɗakin wasa na Carnegie Hall a New York a 1964 gaban Turawa cike da zaure, kiɗan mai daɗi kamar na wasan barkwanci har suna dariya da farko kafin su gane su ake yi wa wankin babban bargo. Wasu gidajen rediyon kudancin ƙasar karya faifan suka yi suka mayar da shi. Kai ka taɓa jin an karya faifai saboda fiyano? kalmomin ne suka ƙona su da kuma bakin da ya faɗe su. Mu da muke Jos mun san abin da ake nufi da a tayar da bam a wurin ibada, ba sai an yi mana dogon bayani ba

Baba Bulus: Allah ya kiyaye gaba.

Danjuma Kibod: Amin Baba. Anti na ji wannan, ta rubuta, har da waƙar Four Women a 1966. Amma ƙirga waƙoƙinta da suka fi tashe ki gani, yawanci na wasu ne ta ɗauko ta sake musu gini. Wadda ta fara fito da ita a 1959 ma daga wasan mai tsara kiɗa Gershwin take. Kuma ita da kanta ba ta son a kira ta mawaƙiyar jaz, kiɗan kilasik na baƙaƙe take kiran abin da take yi. Kenan zuciyarta na wurin fiyano har ƙarshe, ku ne kuke ƙaƙaba mata rawanin da ba ta nema ba

Sadiq Situdiyo: Sake wa waƙar wani gini har a manta da mai ita ai shi ne aikin, gwada ka gani

Yakubu Farin Gada: Ni dai na shigo ne in tuna muku ta taɓa zuwa Legas a Disamban 1961 tare da su marubuci Langston Hughes, daga baya a 1974 ta koma Laberiya da zama bisa gayyatar mawaƙiya Miriam Makeba. Kuma ku masu zuwa situdiyo ku ɗau darasi, dala 3,000 kacal ta karɓa ta sallama haƙƙin faifan farkon nan, a 1987 kamfanin turaren Chanel ya saka waƙa ɗaya daga ciki a talla ta sake tashe a Ingila, kuɗi na ta shiga aljihun wasu. Ku dinga karanta takarda kafin ku sa hannu

Rifkatu: Wannan kam gaskiya ne Yakubu amma ba shi ake gardama a kai ba

Malam Sabo: Bari in ƙara wa wutar itace. A ganina da Curtis ta ɗauke ta, da yau ba wanda ya san ta a guruf ɗin nan. Da ta ƙare tana kaɗa Bach kamar ɗaruruwan da suka ƙware suka wuce ba a ji su ba.

Rifkatu: Haba Malam, wannan mu ya yi wa daɗi ba ita ba. Matar ta rayu da baƙin cikin abin, ga miji Andrew Stroud da ke riƙe da harkarta yana dukanta, ga lalurar ƙwaƙwalwa da aka daɗe ba a gano ba, ta bar ƙasarta ta yi ta yawo har ta rasu a kudancin Faransa. Ba za ka ce wa mutum an yi maka alheri da aka hana ka abin da kake so ba don kawai mu mun samu abin saurara

Danjuma Kibod: To mu yanke ta haka. Ranar Asabar a wurin gwaji a Tudun Wada zan kaɗa waƙoƙinta uku da hannu zalla ba murya, in mutane ba su tsaya ba na sayi tsire

Hauwa'u Rayfield: Ka kaɗa ɗin, amma ka sani hannun hagunka bai kai nata ba, kada in an watse ka ce laifin rashin murya ne. Kuma tsiren na Terminus nake so, kar ka kawo min na bakin layinku