In alheri kyauta ne, me ya kawo bencin baya?

Rahila_Kd: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Dan Allah ina neman haske. Ƙanwata ta yi ciki kafin aure, dattawan ikilisiya suka sa ta a horo, an hana ta jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na tunawa da mutuwar Almasihu, an cire ta daga mawaƙa, zama sai bencin baya. Yanzu ko sujada ta daina zuwa, wai Allah ya gama da ita, kullum sai kuka. Ni kaina na rikice, ba an koya mana ƙaunar Allah ba ta da sharaɗi ba?

Baba Dattijo: 'Yata, sannu da haƙuri. Ibraniyawa 12:6 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake yi wa horo, don haka horo ba kora ba ne. Bulus ma ya tambaya a Romawa 6, mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya ce a'a sam. Ta daure wa'adin ya cika.

Maman Joy: Baba da girmanka, amma wane dattijo ne ya taka ya je gidan ya duba yarinyar nan? Abin da ke ci min rai ke nan, mu zumuntar mata mun iya ƙus-ƙus da kallon gefen ido amma zuwa gaisuwa ya gagare mu. A Luka 15, a misalin ɗan nan da ya bar gida ya ɓatar da gādonsa sannan ya dawo, tun yana daga nesa uban ya hango shi ya sheƙa da gudu ya rungume shi, yaron bai ma gama jawabin da ya shirya ba uban ya ce a kawo riga da zobe da takalma, bai ce sai ya yi wata shida a cikin barori ba tukuna. Rahila ki zauna kusa da ita ki karanta mata Romawa 5:8, tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun gyaru ba.

Ɗan Sabon Rai: Ku duba 2 Korantiyawa 2:6-8. Bulus da kansa ya ce hukuncin ya isa, a yafe wa mutumin da ya yi laifin a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ki sami fasto ki faɗa masa halin da take ciki.

Rahila_Kd: Na gode sosai, gobe da yamma zan je gidan fasto da mamanmu. Amma Baba, shi saurayin fa? Ranar Lahadin nan ma shi ya buga ganga.