Me ya sa farin fitilar LED mai launi uku ba ya fito da launin kaya?

Tambaya: Jama'a, ina neman ƙarin haske. Idan na kunna ja da kore da shuɗi gaba ɗaya a fitilar RGB, ido yana ganin fari, amma tufafi da fatar mutum sai su yi dishi-dishi a ƙarƙashinta, kuma gefen inuwa yakan fito da launuka. Mene ne dalili?

Amsa ta farko: Malam, kowane ƙwayar LED siririn yanki ne kawai na haske yake fitarwa: ja wajen nanomita 625 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), kore wajen 525, shuɗi wajen 465. Ido yana haɗa ukun ya ga fari, amma tsakanin kore da ja akwai giɓi babba inda rawaya da ruwan lemo suke, saboda haka abin da launinsa ya faɗa cikin wannan giɓin ba ya samun cikakken hasken da zai mayar wa ido. Shi ya sa ma'aunin CRI, wanda ke nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin kaya, yake yin ƙasa a irin wannan farin. A ganina, RGBW, wato RGB da aka ƙara wa farar ƙwaya, ta fi, domin farinta na sinadarin fosfo (wanda ke mayar da shuɗin haske zuwa wasu launuka) yana cike giɓin.

Amsa ta biyu: Maganar inuwa kuwa, ƙwayoyin ba a wuri ɗaya suke zaune ba, don haka a sa musu murfi mai hazo wanda zai gauraya hasken.

Amsa ta uku: A ƙara da zafi. Ja ya fi sauran raunana idan fitila ta ɗumama, sai farin ya karkata zuwa kore-shuɗi, musamman in babu ƙarfen alminiyam mai janye zafi a bayanta.