Sha'awar jaka ta fita daga raina, ko akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan?

Maman Hanan, Ikeja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarku a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai ga ni da tawa damuwar.

Shekarata 14 a Legas, ina sana'ar leshi da atamfa da haɗa lefe, yawancin sarina a kasuwar Balogun nake yi. Jaka mai suna ta farko da na mallaka Speedy ce ta Louis Vuitton, na saye ta a Dubai a 2012 da kuɗin adashin da na ɗauka. Daren nan a kan gado na ajiye ta, in juya in kalle ta, in buɗe zif in rufe. Daga nan abin ya shiga jinina. Duk tafiyar sari sai na ware kuɗin jaka tun kafin in lissafa na kaya. Yau guda 11 ne a sif ɗina, har da baƙar Chanel mai sarƙa da 'yar yayata ta sayo min a Amurka a 2019, kuɗinta ƙasa kaɗan da dala 6,000. Wata tara na yi ina tara kuɗinta.

Da aka dakatar da ba 'yan Najeriya bizar Dubai a ƙarshen 2022 na ɗauka zan shiga wani hali. Sai ga shi kusan shekara biyu ta wuce ban sayi ko ɗaya ba, kuma ban mutu ba. Amma abin da ya sa na rubuto shi ne na watan jiya. Za mu je bikin ƙanwar ƙawata a Agege, na ciro Chanel ɗin daga jakar ƙyallenta, sai wani wari ya bugi hancina, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Funfuna ta yi fari-fari a bakin murfin da cikin ɗinkin. Na zauna a bakin gado da tsumma ina gogewa, ina jiran zuciyata ta tsinke. Wallahi ban ji komai ba. Kamar ina goge kwanon wani. Na mayar da ita, na ɗauki wata 'yar jar jaka ta fata da Innarmu ta bari, wadda ta saya a Kasuwar Kurmi tun muna firamare, na zuba waya da makulli na tafi bikin.

Inna ta rasu wata bakwai da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Tun daga nan ko hoton sabuwar jaka aka turo min a WhatsApp wucewa nake yi.

To 'yan'uwa, wannan abu yana wucewa ne ko shi ke nan? In sayar, ko in ajiye wa 'ya'yana mata biyu, babbar shekararta 12? Abin da ya fi damuna, idan abin da na yi shekaru ina so haka zai iya fita raina dare ɗaya, to me nake so a cikinsa tun farko?

Hajiya Babba, Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba dare ɗaya ba ne, wata bakwai ne da rasuwar uwa. Lokacin da Alhaji ya rasu na fita takaba, wata huɗu da kwana goma, na buɗe akwatin leshina sai na ga kamar kayan wata mata aka kawo min ajiya. Na rabar da fiye da rabi a mako guda. Bayan shekara biyu na nemi wani ruwan toka da ya sayo min daga Makka, na tuna na bayar, na yi kuka kamar ranar ya rasu. Saboda haka kada ki yanke komai da zafin rashi, musamman wadda take da tarihi a wurinki.

Tambaya ɗaya zan yi miki, ki amsa min tsakani da Allah. Jakar ce kaɗai ta fita ranki, ko har da abinci da barci da kasuwa da hira da yaranki? In jaka ce kaɗai, girma ne ya zo. In duka ne, kada ki zauna da shi ke kaɗai, ki faɗa wa maigidanki ku je ku ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Ummi, Lekki

Anti Maman Hanan, Allah ya gafarta wa Inna. Ina girmama maganar Hajiya, amma a kan Chanel ɗin ban yarda a jira ba. Sana'ata ke nan, ina sayar wa mutane jakunkunan da suka riƙe suka gaji, kuma na ga abin da damshin Legas yake yi. Nan ba Kano ba ce da hunturu zai zo ya busar da komai. Funfunar da kika goge tana nan a cikin ɗinki, damina mai zuwa za ta dawo. Ki ce za ki ajiye wa yarinya 'yar shekara 12, wato aƙalla damina bakwai ko takwas a cikin sif. Abin da za ki miƙa mata ba shi kika saya ba.

Yau ɗin nan ki fito da su duka. Kada ki sa su a rana, fata tana tsagewa, launi ya koɗe. Inuwa mai iska, ko ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki. Kada ki ƙulle ko ɗaya a leda. Ki cusa musu farar takarda a ciki don kada su lotse, ban da jarida, tawadarta tana kama shafin ciki. 'Yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki tara ki zuba a kowace.

Maganar kuɗi kuma, ba duka ne suke riƙe daraja ba. Chanel irin taki sabuwarta ta haura dala 10,000 tun 2023. Ki haɗa da cewa a 2019 dala tana wajen naira 360, a 2024 ta wuce 1,500. Ko da tabon funfuna, a lissafin naira ba za ki faɗi ba. Amma su Coach da Michael Kors, in kina da su, kada ki sa rai, kyauta ta fi miki daraja a kan abin da za a taya. Speedy tana tsakiya. Jikinta mai tambarin nan ba fata ba ce, yadi ne mai ƙarfi da aka shafe da roba, shi ya sa take jure wahala. Hannun ne fatar da ba a rufe ta da komai ba, shi ne yake yin duhu kuma ɗigon ruwa ya bar masa tabo.

Abin da mai saye zai fara nema shaida ce, domin kwaikwayo ya cika gari, ke da kike shiga Balogun kin fi ni sani. Ki nemo rasit, da baƙin katin Chanel mai lamba wanda ya dace da lambar da ke manne a cikin jakar. Taki ta 2019 ce, tana da shi, sai a 2021 suka daina ba da katin. Speedy kuma akwai 'yan haruffa da lambobi a ɓoye a ciki da ke nuna inda aka yi ta da lokacin. In babu rasit za a karya miki farashi, ki shirya wa wannan.

Ɗan Majema, Idi-Araba

Gafara dai iyaye mata, na shigo zancen da ba nawa ba. Jar jakar Inna ce ta tsayar da ni.

Ni ɗan Ƙofar Wambai ne, mahaifina majemi ne, a cikin warin jima na tashi kafin neman abinci ya kawo ni Legas. Maman Hanan, in a Kurmi aka sayi jakar nan shekaru talatin baya, zai yi wuya ba fatar akuya ba ce da aka jeme da bagaruwa, jan kuma na karan dafi. Ana jiƙa fatar a cire gashin, a kankare, a tsoma a ruwan bagaruwa, a shanya, a yi ta murzawa da hannu har ta yi laushi kamar ƙyalle. Irin fatar nan ta jar akuyar Sakkwato ce fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Sahara da ita, Turawa suna saye a Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, alhali tamu ce. Har yau masana'antun Sharaɗa da Challawa da ke Kano suna fitar da fata zuwa Italiya.

Ban faɗa don in kushe naki na waje ba, aikinsu mai kyau ne, na taɓa riƙe ɗaya na duba ɗinkin na jinjina. Na faɗa ne don ki san abin da ke hannunki ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ita fata a riƙe ta take so. Maiƙon hannu da iska su ne abincinta. Ta Inna ta kai yau saboda kullum tana hammatarta, kasuwa da asibiti da gidan suna.

Zee, Surulere

Ni dai Anti har yanzu ina son jaka, kuma ba na jin nauyin faɗa. Wata takwas ke nan ina tara kuɗin Neverfull ta Louis Vuitton daga albashina. Abin da nake roƙo kada a mayar da shekarunki na baya kamar wani laifi da kika tuba daga gare shi. Da guminki kika saya, ba ki ci bashi ba, ba ki hana yaranki ba. A hadisin Muslim an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau. Matar da ta kwana tana kallon Speedy a 2012 murnarta ta gaskiya ce. Ina ganin abin da kike kallo a daren nan shi ne kin zo Legas ba ki san kowa ba, ga shi kin tsaya da ƙafarki. Yanzu kin riga kin san haka, ba sai jaka ta tuna miki ba.

In akwai Neverfull a cikin sha ɗayan, don Allah ki fara yi min magana.

Maman Hanan, Ikeja

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Hajiya, na amsa miki tsakani da Allah. Ina cin abinci, ina fita kasuwa, jiya ma na haɗa akwati shida na wata amarya kuma na ji daɗin zaɓen. Barci ne yake yanke min wajen ƙarfe uku, lokacin da Inna take tashi nafila in ta zo mana. Na faɗa wa Baban Hanan daren jiya, mun yi magana mai tsawo, mun ce in ya kai ƙarshen wata a haka za mu ga likita.

Zee ƙanwata, maganarki ce ta sa ni hawaye. Shekarar da na sayi Speedy ita ce shekarar da na fara aika wa Inna kuɗi duk wata ba tare da na tambayi kowa ba. Wannan ba za ta bar gidana ba. Neverfull akwai, hannunta ya yi duhu sosai, sai kin gani da idonki tukuna.

Ummi, na shimfiɗa su a kan tabarma a falo, fanka tana kaɗawa. Na sami katin Chanel a cikin kwalinta, rasit ɗin ne nake nema, na tura wa 'yar yayata ta duba imel ɗinta. Chanel ɗin zan sayar kafin ruwa ya sauko. Sauran zan bi shawarar Hajiya in bar su har Inna ta cika shekara.

Malam, da na juya jakar Inna na sami ƙwallon goro busasshe da allura a cikin ƙaramin aljihun. Ɗinkin maratayin ya fara warwarewa ta gefe ɗaya. Akwai baduku a Agege ko Idi-Araba da ka amince da hannunsa, wanda zai ɗinke da zaren fata ba tare da ya canja mata maratayi ba?